Baitin da ake tsallakewa

Akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya game da yadda ake fassara waƙoƙin kishin ƙasa. Mawaƙi zai kwashe baiti biyar yana yi wa ƙasarsa kirari, ya kawo koguna da duwatsu da dausayi da ma'adinan da ke kwance a ƙarƙashin ƙasa. Can a baiti na shida sai ga yaron da ya kwana bai sa komai a cikinsa ba. Ranar bikin 'yancin kai biyar ɗin ake rerawa, a tsallake na shida kamar tuntuɓen alƙalami ne. In ka yi magana a ce ai jigon waƙar yabon ƙasa ne.

Ni a wurina na shidan nan shi ne waƙar, sauran shimfiɗa ce. Mawaƙin ya ambaci kogi ne don ka tambayi kanka me ya sa mutumin da ke zaune a bakinsa yake shan ruwan kududdufi. Talauci a ƙasar da ba ta da komai, sai a ce ƙaddara, a ba juna haƙuri. Amma idan an gama lissafa maka arzikin ƙasa sannan aka nuna maka mai tsumma, ka san da sa hannun wani. Bai kama suna ba, habaici ya yi, mai kaza a aljihu kuwa ba ya jimirin as.

Dubi Pablo Neruda na ƙasar Chile. A littafin waƙoƙinsa Canto General, wanda aka buga a Meziko a 1950 lokacin yana gudun hijira, ya fara da wasa koguna da tsuntsaye da tsirrai na Latin Amurka, daga baya ya juyo kan kamfanin ayaba na United Fruit da shugabannin da suka ba shi wuri. Tun kafin littafin ya fito gwamnatinsa ta nemi kama shi. A 1971 aka ba shi kyautar Nobel.

Sai dai ba kowace waƙar da ta ambaci talaka nake amincewa da ita ba. Wasu mawaƙan ado suke yi da shi: manomi mai murmushi, mai haƙuri, yana tsaye cikin gona kamar bishiya. Irin wannan ce masu mulki suke so a saka wa yara a makaranta. Shi ya sa in na ɗauki waƙa nakan duba ko mawaƙin ya bar talakan ya buɗe baki ko da a ɗango ɗaya ne, ko kuwa jera shi kawai aka yi tare da duwatsun.