Ranar da Na Nutse a Ruwan da Bai Wuce Ƙugu Ba

Duk laifin wani abokin tafiyarmu ne. Shi ya ce mu yi hutu irin na Turawan Ingila, muka haɗa kuɗi mu huɗu muka yi hayar siririn jirgin ruwan nan da ake kwana a ciki, muka kama hanyar ruwa ta Grand Union a wajen garin Warwick a Ingila. Faɗinsa bai cika ƙafa 7 ba, tsawo kuwa ya fi tirela. Doka ta hana wuce mil 4 a awa, har tsofaffi masu yawo da karnuka suna wuce mu a ƙasa. Birki babu, sai dai ka sa inji baya ka haɗa da addu'a.

Bayan mun haye ƙofofin ruwa 21 na Hatton, waɗanda ake buɗewa a rufe don ɗaga jirgi ko sauke shi, kowa ya yi laushi, aka ce a ɗaure jirgi. Aikina in dira gaɓa da igiya, in kafa turken ƙarfe da guduma. Ni da nake ɗaure ragon layya tun ina yaro, wannan har aiki ne?

Na ɗora ƙafar dama a gaɓa, ta hagu na kan jirgi. Sai gogan naku mai shawarar hutu ya tura sandar tuƙi dama, wai zai matso da ni. Sau uku aka gaya masa da safe cewa in ka tura dama, goshin jirgi hagu yake yi. Ƙafafuna suka fara rabuwa. Da ma da sauri ne da na gode Allah. A hankali suka riƙa buɗewa, har na samu lokacin tuna cewa wandon sabo ne. Na ji ɓarrr. Na saki guduma na ƙanƙame igiyar, ita kuma ashe ba a ɗaure ɗaya bakin ba. Tsundum!

Na yi salati, na yi kalmar shahada, ina dukan ruwa ina kiran sunan Inna. Sai na ji murya a natse: "Miƙe tsaye mana."

Na miƙe. Ruwa iya ƙugu.

Mai maganar wani tsohon Bature ne zaune a bayan jirginsa da kofin shayi. Wallahi ko ajiye kofin bai yi ba. Tun muna nesa yake kallonmu, ya ga rabuwar ƙafafu daga farko har ƙarshe, yana kurɓa. Ya bari na fito, na tsamo igiya, muka kafa turke biyu ina ɗigar da taɓo, sannan ya ce nan wurin ɗibar ruwa ne, ba a kwana, mu ƙara gaba. Baba, da bakinka ina ya je? Har karensa ma kallon raini yake min.

Gudumar dai sai da muka biya kuɗinta. Hulata kuwa na hango ta tsakiyar agwagi, ban bi ta ba. Mutumin har yau cewa yake iska ce.