Ta tambaye ni ko Allah yana karɓar sallarta

Na daɗe ina koyarwa a Islamiyyar matan aure, amma akwai tambayar da har yau take min nauyi a ƙirji. Wata rana an tashi, kowa ta watse, wata ɗaliba ta tsaya tana naɗe tabarma, ta naɗe ta warware. Can ta ce, "Malama, wai matar da mijinta ya kwana yana fushi da ita, Allah ba ya karɓar sallarta?" Da ta gyara hijabi sai na hango shatin wayar caja a wuyanta. Ko kalma ɗaya ba ta faɗa ba a kan dukan. Sallarta take tsoro.

Wannan zaluncin nake so mu yi magana a kai, na mijin da ya mayar da addini bulala. Ya hana ta zuwa duba mahaifiyarta a asibiti, ya ce fita ba da izininsa ba tsinuwa ce. Ya karɓe kuɗin sana'arta, ya ce biyayya. Ya bar gida ba cefane, in ta buɗe baki ya ce mata sun fi yawa a wuta saboda butulci. "Ban yafe ba" ta zama makaminsa na kullum. In baƙin ciki ya kayar da ita, sai a ce aljanu ne, a kira mai ruƙiyya, shi kuwa yana zaune a gefe yana jan carbi. Tabon duka yana warkewa, amma macen da aka sa ta yarda cewa Ubangijinta yana bayan mai cutar da ita, ina za ta kai kukanta?

Hadisan haƙƙin miji gaskiya ne, ba na musun ko ɗaya. Sai dai malamai sun bayyana cewa fushin da ake nufi shi ne wanda yake kan gaskiya, ba na azzalumi ba. Kuma me ya sa rabin karatun kawai ake biya mana? Aya ta 19 a Suratun Nisa'i ta ce a zauna da su da alheri. Aya ta 231 a Baƙara ta hana riƙe mace don a cutar da ita. Nana A'isha ta shaida cewa Manzon Allah (SAW) bai taɓa dukan mace ko hadimi ba. Hindu 'yar Utba ta kai wa Manzon Allah ƙarar rowar mijinta Abu Sufyan, aka ce ta ɗauki abin da zai ishe ta ita da ɗanta. Matar Sabit ɗan Ƙaisu ta ce ba za ta iya zama da shi ba, ta mayar da gonar da ya ba ta sadaki, aka raba su. Khaula ta kawo kukan mijinta, Suratul Mujadala ta buɗe da cewa Allah ya ji ta. Ba a ce wa ko ɗayansu ta tona asirin aure ba. A mazhabarmu ta Malikiyya ma, alƙali yana iya raba aure in cutarwa ta tabbata, ko miji bai so ba. Mata nawa ne a unguwarku suka san haka?

'Yan uwanmu Kirista ma suna fama da irinsa. Ana karanta wa mace Afisawa 5:22 kan biyayya, a tsallake aya ta 25 da ta umarci miji ya ƙaunaci matarsa. Rasuwar mawaƙiyar coci Osinachi Nwachukwu a 2022, wadda aka zargi mijinta da dukanta, ta tayar da wannan zancen a duk Najeriya.

Laifinmu mu al'umma shi ne "ki yi haƙuri". Ta yi yaji, ya zo biko da goro da hawaye, uba ya ce ta koma, uwa ta ce kowace mace da haka ta zauna. Haƙuri ibada ne, amma ban san inda aka ce a yi wa mai cuta rakiya da shi ba. Aya ta 35 a Nisa'i ta ce a naɗa mai sulhu daga danginsa da wani daga nata, wato ita ma da mai tsaya mata. Mu kuwa sai mu zaunar da ita gaban wanda take tsoro, mu ce ta faɗi laifinsa.

Liman, don Allah in mace ta kawo ƙara a saurare ta ita kaɗai tukuna, tare da wata malama ko 'yar uwarta, kada labari ya riga ta isa gida. In akwai rauni, asibiti ne farko, sulhu daga baya. A san hanyar kotun shari'a da ta Hisbah, a raka ta, don yawancinsu ba su taɓa taka ƙofar kotu ba. Wadda ta fito da 'ya'ya hannu rabbana, a tuna da ita a zakka. A hau mumbari ranar Juma'a a kira dukan mace da sunansa, maza su ji daga bakin namiji.

Ɗalibar nan na zaunar da ita, na buɗe mata farkon Mujadala, ta karanta da kanta tana sarƙewa. Da ta gama ta share ido ta ce, "Malama, za ki raka ni wurin yayana?" Na ɗauko mayafina muka fita.