Dilan Tarakta Ne Ke Shan Asara, Kamfani da Banki Na Gefe

Duk wanda ya wuce ta garuruwan noma na jihar Iowa ko Illinois a Amurka zai ga filayen diloli cike da taraktoci da injinan girbi, sababbi ful, a jere. Sai ya ɗauka kayan kamfani ne aka ajiye. Ba haka ba ne. Dilan tarakta ba kamar dillalin kara yake ba, wanda ke haɗa mai saye da mai sayarwa ya karɓi la'adarsa ya koma gida. Shi sayen kayan yake yi, kuma da bashi. Daga ranar da aka sauke masa inji, kamfani ya rubuta a littafinsa cewa ya yi ciniki, ko da injin zai shekara a fili rana na dukansa.

Wa ya ba shi bashin? Sau da yawa kamfanin ne da kansa, ta hannun reshensa na lamuni. Kamfanin taraktoci na John Deere na da John Deere Financial, masu ƙera taraktocin Case IH da New Holland na da CNH Industrial Capital. Ana ba dila wasu watanni ba kuɗin ruwa, wa'adin na cika ruwa ya fara hawa. Ke nan idan kaya suka yi kwantai, kamfanin da ya ƙera su fiye da buƙatar kasuwa shi ne kuma zai riƙa karɓar ruwa a kansu. Dila ba ya iya cewa a rage masa kaya yadda yake so, domin yarjejeniyar ta ɗora masa kason kasuwar da dole ya kai a yankinsa, in ya gaza a karɓe dilancin.

Inda abin ya fi ciwo shi ne musaya. Galibi manomi a can ba ya sayen sabon injin girbi sai an karɓi tsohonsa an rage masa kuɗi. Kamfani ba ya karɓar tsoho. Dila ne ke karɓa, a farashin da ya ƙiyasta yau, ya jira mai saye na gobe. A watan Agustan 2012 farashin masara a kasuwar Chicago ya haura dala 8 kan kowane awo na kimanin kilo 25, manoma suka yi ta sauya injina. Kafin ƙarshen 2014 ya faɗo ƙasa da dala 4. Masu sayen na hannu suka ɓace, injinan da aka karɓa da tsada suka koma gwanjo a kan asara. Titan Machinery, babban dilan Case IH da ke jihar North Dakota, ya rufe rassa da dama tsakanin 2014 da 2017. Irin wannan ya sake faruwa bayan babban bankin Amurka ya ɗaga kuɗin ruwa daga kusan sifiri zuwa sama da kashi 5 cikin ɗari a 2022 da 2023: Titan ya rufe shekarar kuɗinsa a Janairun 2025 da asara. Kamfanonin ƙera su ma sun ji a jikinsu, Deere ya sallami ma'aikata a 2024, amma duk da haka ya ci ribar sama da dala biliyan 7 a shekarar. Kamfani na iya rage aiki a masana'anta. Dila fa, yaya zai yi da ƙarfen da ya riga ya sa hannu a kansa?

Sai kuma sharaɗin da na fi ganin rashin adalcinsa. A wasu yarjejeniyoyin, idan manomi ya karɓi rancen sayen tarakta ya kasa biya, mai lamuni na da ikon komowa kan dila ya biya, ko ya sake sayen injin. Mai lamuni ne ya duba takardun manomin, shi ya yanke cewa ya cancanta, shi ya sa ruwan, shi ke karɓar ruwan wata-wata. Amma ranar da fari ya cinye gona sai a tuna da dila. Ƙananan diloli kuma galibi ana sa su tsaya wa bashin da kansu, wato gidan mutum da abin da ya tara duk suna ciki. Ban ga hujjar da za ta sa wanda ya ci ribar rance ya tsallake asararsa ba.

Masu kare kamfanoni za su ce ba a tilasta wa kowa ba, kuma dila na cin moriyar sunan kamfani da cinikin kayan gyara da aikin kanikanci. Akwai gaskiya a nan. Har ma hukumar kula da cinikayya ta Amurka ta kai Deere ƙara a Janairun 2025, tana zarginsa da keɓe manhajar gyara ga dilolinsa, abin da ke hana manomi gyara injinsa a wani wuri. Sai dai wannan moriyar ita ce igiyar da aka ɗaure dila da ita. Mutumin da ya gina shago, ya horar da makanikai, ya cika sito da kayan gyaran kamfani ɗaya, ba shi da bakin cewa a'a idan aka kawo masa sabuwar takarda. An ga haka lokacin da kamfanin International Harvester ya sayar da sashensa na injinan noma ga kamfanin Tenneco a ƙarshen 1984 aka haɗe shi da Case, kamfanin taraktocin Tenneco: a garin da ke da dila biyu, na International Harvester da na Case, ɗaya ya zama rara, ba tare da ya yi laifin komai ba. Shi ya sa jihohin Amurka da yawa suka yi dokar da ta wajabta wa kamfani ya sake sayen injina da kayan gyaran da ke hannun dila idan aka raba gari, wasu kuma suka hana korarsa sai da ƙwaƙƙwaran dalili.

Mu a Najeriya akwai ƙarin nauyin da dilan Iowa bai sani ba, wato canji. Mai shigo da tarakta da dala yake biya, da naira yake sayarwa, wani lokaci biyan ma kashi-kashi ne. A farkon Yunin 2023 dala na wajen naira 460 a farashin hukuma. A Fabrairun 2024 ta wuce 1,500. Wanda ya sayar da tarakta bashi kafin faɗuwar, kuɗin da ya tattara daga baya ba za su maye masa ko rabinta ba. Ga ruwan banki da ya haura kashi 25 cikin ɗari a 2024. Idan irin wannan ɗan kasuwa ya durƙushe, mai tarakta a Kura ko Giwa ne zai rasa inda zai samo famfon mai ko tace a tsakiyar huɗa, damina kuma ba ta jira.

Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da taraktoci 2,000 daga Belarus a 2025, kuma ana ta maganar wasu dubbai. Kafin a ƙara sa hannu a wata yarjejeniya, ya kamata Majalisar Tarayya da NIRSAL, kamfanin Babban Bankin Najeriya mai tsaya wa bashin noma, su duba takardun da ke tsakanin kamfani, banki da dila. A rubuta cewa bankin da ya tantance manomi shi zai ɗauki mafi yawan asara idan bashi ya maƙale, kamfani zai karɓi kayansa da ba a sayar ba idan ya janye dilanci, aikin garanti a biya shi da kuɗin da makaniki ke caji a kasuwa, asarar canji kuma a raba ta tsakanin ɓangarorin uku tun daga ranar odar kaya.