Wanda ya sayo kaya kada ya zama shi ne mai karɓa

Akwai wata ɓaraka da ke cin ƙananan ofisoshinmu a garin Kaduna, tun daga makarantun kuɗi har asibitoci masu zaman kansu, amma ba a cika maganarta ba don ana ganin ƙaramin abu ne. Ina nufin sayen kayan aiki: takarda, tawadar firinta, fayil, man janareto.

A mafi yawan wurare sai takarda ta ƙare ƙarƙaf ana tsakar aiki, sannan oga ya zaro kuɗi ya ce, "Maza hau keke ka je Kasuwar Gumi ka sayo rim biyu." Wanda aka aika shi zai yi ciniki, shi zai karɓo rasit, shi zai zuba kayan a kabad. Babu wanda ya duba, babu wanda ya rubuta. Kwali guda rim biyar ne, kowane rim takarda 500, kuma kowa ya san sari ya fi sayen ɗai-ɗai sauƙi, balle a haɗa da kuɗin keke na kowane zuwa. Ko da ɗan aiken mai gaskiya ne, ofis ya riga ya yi asara.

Tawada ta fi ba ni takaici. Za a kawo ta cikin kwali mai sunan HP, fes kamar sabuwa, ashe tsohon gwangwani ne aka ɗura wa gari. Bayan 'yan kwanaki rubutu ya fara fita dishi-dishi da baƙin layi a gefen takarda, sai a ɗora wa firinta laifi, a kira mai gyara, a sake biya. Da akwai mutum na biyu da aikinsa shi ne ya buɗe kwalin a gaban wanda ya kawo, ya duba hatimi, da tun a bakin ƙofa an mayar da ita. Haka ma dizal: a ce jarka lita 25 ce, a juye a tanki, ba wanda ya auna.

Tun 2023 da aka cire tallafin fetur aka kuma saki darajar naira, farashi ya daina zama wuri ɗaya. Kayan ofis yawanci daga waje suke zuwa, dala suke bi. Shi ya sa oga ba zai iya dogara da farashin da ya sani bara ba, kuma duk abin da aka rubuto masa, in ya yi magana sai a ce, "Ranka ya daɗe, komai ya tashi." Ba shi da abin da zai gwada da shi.

Gwamnati ta daɗe da gane wannan. Tarayya ta yi dokar sayen kaya a 2007, Jihar Kaduna ta yi tata a 2016 ta kafa KADPPA, hukumar da ke sa ido kan sayen kayan gwamnatin jiha. Dokar ba ta hau kan ɗan kasuwa ba, amma hikimar cikinta ta kowa ce: a tambayi farashi a wuri uku, sannan mai saye daban, mai karɓa daban, mai biya daban.

Na san abin da ke hana mu. Kunya ce. Ɗan ƙanenka ne ke riƙe da kuɗin, ko dattijon da ya yi shekaru yana muku aiki, sai ka ga neman rasit kamar zargi ne. To ai aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce ga muminai su rubuta bashi a tsakaninsu, ba don ana tuhumarsu ba. Rubutu yana kare mai gaskiya ne. Na ga masinjan da aka sallama kan ɓatan kwalayen takarda, yana rantsuwa yana hawaye, kuma babu littafin da zai wanke shi, domin tun farko ba a taɓa rubuta nawa suka shigo ba. Wannan zalunci ne, kuma alhakin yana wuyan shugaban da bai tsara komai ba.

Don Allah masu ofis, ku sayi littafi guda ku ba mai kula da sito, ya riƙa rubuta abin da ya shigo, abin da ya fita, da sa hannun wanda ya ɗauka. Idan rim ya rage biyar ya sanar, kada a jira ya ƙare. Masu kawo muku kaya kuma ku riƙa biyan su a kan lokaci, don wanda aka riƙe wa kuɗi wata uku, a farashi na gaba zai fanshe.