Jar Waya Ta Bodi Ce, Alhaji

Gareji ne a gefen kasuwar riɗi ta Gadarif, a ƙasar Sudan. Usta Bazazzagi na zaune kan tsohuwar taya yana kurɓar jabana, gahawar mutanen Sudan, sai ga Alhaji Bakano ya turo babur, gumi ya jiƙe masa jallabiya sharkaf.

BAKANO: Salamu alaikum. Usta, ga gadon mahaifina nan, BSA ƙirar 1970. Sabon batir na sa masa jiya, yau ko tari ba ya yi.

BAZAZZAGI: Wa alaikumus salam. Wa ya ɗaura batirin?

BAKANO: Ni mana, kusa biyu zan biya wani? Na bi wayar da ta tafi bodi na ɗaura ta a negetif, kamar na kowace mota da raksha mai ƙafa uku. Fis ya tsinke. Na sa wani, ya tsinke. Da na ga asarar za ta yi yawa sai na naɗa wayar jan ƙarfe a gurbinsa.

BAZAZZAGI: Sai me?

BAKANO: Sai hayaƙi. Kaɗan dai.

BAZAZZAGI: Yaro, jiƙa tsumma da fetur ka goge wayan can.

YARO: Usta, ashe ja ce! Baƙin mai da ƙura ne suka rufe ta.

BAZAZZAGI: Ka gani, Alhaji? Wayan nan ja, shi ne na bodi.

BAKANO: Ku Zage-zagi da ba ku raba mace da namiji a magana, kai ne za ka raba min fozitif da negetif?

BAZAZZAGI: To bari in yi maka da Kananci. Baburan Ingila na wancan zamani, masu kayan wutar kamfanin Lucas, fozitif ne ke tafiya bodi. Jar waya ita ce ta bodi, ruwan ƙasa mai ratsin shuɗi ita ke fitowa daga negetif ta bi ta fis. Kai ka juya su. Fis ya faɗa maka gaskiya sau biyu, ka toshe masa baki.

BAKANO: Fis mai amfiya 35 ne fa a ciki, ya kamata ya jure.

BAZAZZAGI: Lissafin Ingila na da ne, 35 ɗin lambar tsinkewa ce, abin da yake ɗauka yau da kullum 17.5 ne. A na zamani mai 15 ko 20 za ka nema. Yaro, auna batirinsa.

YARO: Volt 10.8.

BAZAZZAGI: Lafiyayye 12.6 yake nunawa. Kai shi caji, ɗauko namu, fozitif a jar waya. Kada ka sa fis tukuna. Zare wayoyi biyun da suka fito daga injin, kore mai ratsin ɗorawa da fara mai ratsin kore, ka sa mita a om.

YARO: Tsakaninsu bai kai om 1 ba. Daga kowace zuwa bodi kuwa, shiru.

BAZAZZAGI: Koyil, naɗin wayar da ke samar da wuta, ya tsira. Da ya yi magana da bodi, da naɗin ya ƙone. Cire wayar rektifaya, mai miƙe wutar koyil ta shiga batir, da ta zena, mai kwashe rarar wuta, sa fis, ka haɗa resistan nan mai om 1, wat 100, tsakanin wayoyin koyil. Mita a AC. Alhaji, buga kik ka ba shi wuta zuwa juyi 3,000 a minti.

BAKANO: Man fa nawa ne. Me ya sa ba za a auna a kashe ba?

BAZAZZAGI: Maganaɗisu ba ya haihuwa a zaune. Nawa, yaro?

YARO: 9.6. Wayyo, resistan ya ƙona ni!

BAZAZZAGI: Wa ya ce ka riƙe? Daga 9 zuwa sama lafiya lau. In ba a ɗora masa nauyin resistan nan ba, ko maganaɗisun da ya tsufa zai nuna maka lamba mai daɗi, kamar mai bashi a gaban alƙali. Da ya gaza, sai mu buɗe murfi mu duba ratar da ke tsakanin rota, maganaɗisun da ke juyawa, da koyil, milimita 0.2 ko'ina a zagaye, mu girgiza rotar ko cibiyarta ta saki.

BAKANO: To tunda lafiya, ba ni babur ɗina.

BAZAZZAGI: Zauna, yanzu muka iso gidan makoki. Wancan mai faifai-faifai shi ne rektifaya. Ƙofofi huɗu ne a cikinsa, kowace wuta na wucewa ta gefe guda kawai. Ƙafafun gefe biyu na koyil ne, ta tsakiya negetif, kusar da ta kama firam fozitif. Da ka juya batir, ƙofofin suka buɗe masa hanya kai tsaye. Yaro, mita a alamar dayod, gwada kowace gaba da baya. Kuma riƙe notin baya da sufana, in faifan suka murɗe wayoyin ciki tsinkewa suke.

YARO: A biyu mita na kuka gaba da baya, ɗaya shiru gaba da baya.

BAKANO: Saura ɗaya ke nan mai rai. A rage min rubu'in kuɗi.

BAZAZZAGI: Je wajen masu gyaran rediyo ka sayo mai kusurwa huɗu, amfiya 35. Ƙafa biyu masu alamar igiyar ruwa na koyil, mai alamar tarawa jar waya zuwa bodi, mai alamar ɗebewa ruwan ƙasa mai ratsin fari. A ɗaure shi jikin ƙarfe ya sha iska.

BAKANO: Wancan mai kama da matsefi a ƙarƙashin fitila fa? Ado ne, a bar shi.

BAZAZZAGI: Gidan zena ne. Ita ke kwashe rarar wuta ta zubar a bodi ta zama zafi. In ta haɗe ciki, ta shanye batir ta tsinke fis. In ta yanke, caji ya haura volt 16, ruwan batir ya tafasa, ƙwayayen fitila su mutu ɗaya bayan ɗaya.

YARO: Ita ma kuka take gaba da baya.

BAZAZZAGI: Allah ya jiƙanta. Akwai wata a akwatina, ta fozitif a bodi, don akwai ta negetif kuma kamarsu ɗaya. Kankare mazauninta da samfefa, ba fenti ba tsatsa, zafin Gadarif na haura digiri 40, in ba ta zauna daram ba wata guda ba za ta yi ba. Ɗaure a hankali, kusarta jan ƙarfe ce, karyewa take kamar rake.

Bayan la'asar aka haɗa komai, aka buga kik.

YARO: 14.2 a 3,000. Na kunna fitila, 13.4.

BAKANO: Madalla. Usta, sai lissafi. Man da kuka ƙona wajen gwaji a cire, wayar jan ƙarfena kuma a ba ni abata, ko a saya.

BAZAZZAGI: Yaro.

YARO: Na'am, Usta.

BAZAZZAGI: Ɗauko batirin Alhaji, ka ɗaura masa yadda ya kawo shi.