Annoba Na Iya Hana Taro, Amma Ba Ta Sabunta Wa'adin Kowa

A ranar 1 ga Mayun 2020 ma'aikata ba su yi fareti a Dandalin Eagle da ke Abuja ba. Ƙungiyar Ƙwadago ta Najeriya, NLC, ƙarƙashin Kwamared Ayuba Wabba, ta haƙura da gangamin ranar ma'aikata saboda annobar korona. Legas da Abuja suna cikin dokar kulle tun 30 ga Maris, Ogun tun farkon Afrilu, Kano kuwa Shugaba Muhammadu Buhari ya ba da umarnin rufe ta a ranar 27 ga Afrilu, bayan kwanakin da masu haƙar kabari suka yi ta faɗin yawan gawawwakin da ake kai musu. Ban ga mai hankalin da zai ga laifin ƙungiyar da ta ce wa mambobinta su zauna a gida a irin wannan hali ba.

Duk wanda ya taɓa halartar taron wakilai na ƙungiyar ƙwadago ya san dalili. Ana kwaso mutane daga jihohi 36 a cikin bas-bas, a yi tafiyar yini ɗaya ko biyu kafaɗa na gugar kafaɗa. A masauki mutum uku ko huɗu ne a ɗaki. Da safe a yi cincirindo a teburin tantancewa, kowa na miƙa katinsa ta saman kan ɗan'uwansa, sannan a cika zaure a rufe ƙofa, a riƙe hannun juna a rera waƙar haɗin kai da iya ƙarfin murya. Zaɓen kansa yakan kai tsakar dare, wani lokaci har asuba. Galibin wakilan nan dattawa ne da suka daɗe a aiki, da yawansu na fama da hawan jini ko ciwon suga. In mai cutar numfashi ɗaya ya shiga wannan zaure, bayan kwana uku an raba ta ga kowace jiha a ƙasar. Ko Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ILO, ɗage babban taronta na Geneva ta yi daga Yunin 2020 zuwa 2021, kuma da lokacin ya zo ta intanet aka yi shi.

Don haka ba ni da ja a kan ɗage taro. Inda nake da magana shi ne abin da ke biyo bayan ɗagewar, wanda ba a cika son tattauna shi ba. A ƙungiyoyinmu taron wakilai da zaɓe a haɗe suke, in aka ɗage ɗaya an ɗage ɗayan. Sai sanarwa ta fito daga sakatariya cewa an dakatar da taro har sai abin da hali ya yi, ba rana, ba wata. Wanda ya sa hannu a sanarwar kuwa shi ne mutumin da wa'adinsa ke dab da ƙarewa, shi ne kuma zai yanke ranar da hali ya yi. Ba sai na ce shugaba mugu ne ba kafin in ce wannan tsari ba daidai ba ne. Mutumin kirki ma, in aka ba shi ikon yanke ranar saukarsa, ba zai rasa dalilin ƙara wata uku ba, kuma dalilin zai zama na gaskiya a idonsa. A duk tsawon wannan lokaci kuɗin ƙungiya ana cire shi daga albashin malamin firamare da ma'aikaciyar jinya kowane wata, tun kafin albashin ya faɗa asusunsu. Ma'ajin da ya kamata ya tsaya gaban wakilai ya karanta abin da ya shiga da abin da ya fita, shi ma an ɗage masa wannan tsayuwa.

Akwai masu cewa lokacin annoba kowa ta ransa yake yi, zancen zaɓen ƙungiya ƙaramin abu ne. Abin da ya faru a 2020 ya nuna akasin haka. A watan Afrilu gwamnatin Kaduna ta sanar da cire kashi 25 cikin ɗari daga albashin ma'aikatan da albashinsu ya kai wani mataki, don yaƙi da cutar. A farkon Mayu sai da Babban Bankin Najeriya da kwamitin shugabannin bankuna suka fito suka dakatar da sallamar ma'aikatan banki. A ranar 15 ga Yuni likitoci masu neman ƙwarewa suka shiga yajin aiki saboda rashin kayan kariya da batun alawus ɗin kasada, wanda a lokacin ya yi shekara da shekaru yana naira 5,000 a wata. Malaman jami'a kuwa tun Maris suke yajin aiki har zuwa 23 ga Disamba. A wata tara ɗin nan an taɓa albashi da aikin mutane fiye da yadda ake taɓa su a shekaru masu yawa na zaman lafiya, kuma kowace yarjejeniya mutane ƙalilan ne suka zauna suka sa mata hannu da sunan dubban da ke kulle a gida.

Mu tuna daren 27 ga Satumba na shekarar. Litar fetur ta kai wajen naira 160, kuɗin wuta ya tashi, NLC da takwararta ta manyan ma'aikata, TUC, sun sa ranar 28 don fara yajin aikin gama-gari. Mutane suka kwanta da shirin fita, suka wayi gari da labarin an janye, bayan zaman dare da wakilan gwamnati, a kan alkawarin dakatar da ƙarin kuɗin wuta na mako biyu. Ma'aikata da yawa sun ji zafin abin, wasu har suka ce an sayar da su. To, Wabba a lokacin wa'adinsa na raye, domin a Fabrairun 2019 aka sake zaɓarsa, kuma duk da haka sai da ya sha wannan suka. Da a ce wa'adinsa ya ƙare tun watanni shida baya, annoba ce kawai ta bar shi a kujera, da wane baki zai kare matsayinsa? Gwamnati ma ta san bambancin. Shugaban da ya san zamansa na aro ne ba ya iya buga tebur, domin ministan da ke gabansa na iya tuna masa a kowane lokaci cewa ba shi da hurumin magana.

Tarihin ƙwadago a ƙasar nan ya isa ya sa mu tsoron duk wata ɓaraka a kan halascin shugabanci. A 1988, da rikicin zaɓe ya raba NLC gida biyu a taron Benin, gwamnatin Janar Babangida ta fake da shi ta rushe shugabancin Kwamared Ali Chiroma ta naɗa kantoma. A 1994 Janar Abacha ya sake rushe shugabancin NLC tare da na ƙungiyoyin ma'aikatan mai, NUPENG da PENGASSAN, kuma sai a 1999 aka samu zaɓaɓɓen shugaba, Adams Oshiomhole. A mulkin farar hula ma, zaɓen 2015 da ya watse cikin hayaniya ya kai ga ɓangaren Joe Ajaero ya ɓalle daga NLC ya kafa wata sabuwar ƙungiyar ƙwadago mai suna ULC, ba su dawo ba sai Yulin 2020. Shekara biyar ma'aikata na da baki biyu a gaban gwamnati ɗaya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma wa'adin da ya ƙare ba a yi zaɓe ba tsaga ce da ƙungiya ta yi wa kanta.

Shin zaɓe na yiwuwa a cikin annoba? Hukumar zaɓe ta INEC ta ɗage wasu zaɓukan cike gurbi a Maris ɗin 2020, amma ta gudanar da zaɓen gwamna a Edo ranar 19 ga Satumba da na Ondo ranar 10 ga Oktoba, saboda kundin tsarin mulki bai ba ta damar ƙara wa gwamna ko kwana ɗaya ba. Ƙungiyar lauyoyi ta NBA ta yi nata ta intanet a ƙarshen Yuli, Olumide Akpata ya yi nasara, ko da yake an yi ƙorafe-ƙorafe a kan yadda aka tafiyar da shi. Ba ina cewa kowace ƙungiya ta kwaikwayi lauyoyi ba ne. Malamar da ke koyarwa a ƙauyen da sai an hau tudu ake samun sabis ba za ta jefa ƙuri'a ta waya ba, kuma a wurin da ake zargin juna ko a gaban akwati, na'urar da sakatariya ce ta ɗauko mai sarrafa ta za ta ƙara zargi ne kawai. Amma wakilan da ke zaɓen shugabannin ƙungiya ba miliyoyi ba ne. Ana iya barin wakilan kowace jiha su yi zaɓe a jiharsu a rana ɗaya, a fili ƙarƙashin rumfa, da takunkumi da tazara, a ƙirga a gaban wakilan 'yan takara, a aika sakamako. Abin da za a rasa shi ne armashin taro da kamfen ɗin cikin dare a masauki, kuma ina ganin ƙungiya za ta iya jure rashinsu na shekara ɗaya.

In kuwa cutar ta yi tsananin da ko wannan ba zai yiwu ba, kamar yadda Kano ta kasance a Afrilun 2020, to a ɗage, amma a ɗage zuwa rana sananniya, wata uku misali, kuma in za a ƙara sai majalisar zartarwar ƙungiyar ta ƙasa ta sake zama ta amince bisa shawarar hukumomin lafiya. Shugabannin da suka zarce su sani riƙo suke yi: su kare albashi, su nemo kayan kariya, amma kada su sayar da kadarar ƙungiya, kada su dakatar da wanda aka san zai tsaya takara da su, kuma duk yarjejeniya mai dogon zango da suka sa wa hannu ta jira amincewar taron wakilai. Rahoton kuɗi kuwa ba shi da alaƙa da taro, ana iya buga shi a aika wa kowane reshe a ranar da aka saba.

Wannan duk sai an rubuta shi a kundin tsarin mulkin ƙungiya tun ana zaune lafiya, lokacin da babu wanda ya san wa dokar za ta faɗa wa. Ebola ta zo a 2014, korona a 2020, mashaƙo ya addabi Kano a 2023, kwalara da sanƙarau da zazzaɓin Lassa kuwa kusan kowace shekara sai an yi fama da su a wani yanki. Ƙungiyar da ba ta da wannan tanadi, ranar da aka sake kulle gari za ta kwashi rikicinta ne zuwa Kotun Ma'aikata ko ofishin rajistaran ƙungiyoyin ƙwadago, wanda ke ƙarƙashin Ma'aikatar Ƙwadago ta gwamnatin da za ta zauna da ita gobe a kan batun albashi.