Gwajin Ƙwayoyin Halitta a Kansar Mama: Kada a Ɗora Masa Abin da Ya Fi Ƙarfinsa

Mata biyu kan zo da ƙari mai girma ɗaya a mama, a yi musu tiyata iri ɗaya, amma cutar ta dawo wa ɗaya, ɗayar kuwa shiru. Sau da yawa bambancin yana cikin ƙwayoyin halittar ƙarin: waɗanne ke aiki da ƙarfi, waɗanne suka lafa. Wannan aikin nasu ake aunawa ta hanyar RNA, sinadarin da ke ɗauke da saƙon ƙwayoyin halitta.

Wani gwaji mai suna Oncotype DX yana duba ƙwayoyin halitta 21, 16 na cutar, 5 na daidaita ma'auni, sannan ya ba da maki daga 0 zuwa 100 da ke nuna haɗarin dawowar cutar. Binciken TAILORx na 2018, wanda ya ƙunshi mata sama da 10,000, ya nuna cewa mai maki 11 zuwa 25 da ta haura shekara 50 ba ta ƙaruwa da kemo, wato magungunan da ke kashe ƙwayoyin kansa. Maganin toshe homon ya wadatar. Ba ƙaramin sauƙi ba ne a tsirar da mace daga amai, zubewar gashi da raunin garkuwar jiki.

Sai dai a ganina tambayar da gwajin ke amsawa ƙarama ce, kuma a nan ya kamata a tsayar da shi. An tabbatar da shi ne a kan ƙarin da homon ke ciyarwa, wanda ba shi da yawan HER2, wani furotin da ke hanzarta girman ƙari. Ko a cikin masu irin wannan ƙarin, 'yan shekara 50 zuwa ƙasa masu maki 16 zuwa 25 sun ɗan amfana da kemo. Binciken RxPONDER na 2021 ya ƙara da cewa idan cutar ta taɓa kaluluwa ɗaya zuwa uku, wadda al'adarta ba ta ɗauke ba tana cin moriyar kemo ko da makinta bai wuce 25 ba. Likitan da ya kalli maki ya manta da shekaru zai cutar da majinyaciya.

Ga kuma abin da ake yawan rainawa: yadda aka adana naman. RNA na saurin lalacewa. Ƙa'idar naman mama ita ce a sa shi cikin famalin, ruwan sinadarin adana nama, kafin awa ɗaya da cire shi, ya jiƙa awa 6 zuwa 72. Idan aka yi jinkiri, ko yankin da aka aika yawancinsa lafiyayyen nama ne, makin zai iya karkacewa.

A TAILORx ɗin ma, cutar ta fi dawo wa mata baƙar fata duk da makinsu ya yi daidai da na sauran. Dole a sake auna gwajin a cikinsu, da yawan da zai isa a yanke hukunci.